Biron awon hili da na biya jikka 90: abin da suka yi mini da inda suka ba ni haushi

Taurari uku da rabi cikin biyar zan ba su, kuma rabin nan don tsohon jometir ɗin ne kawai, wato dattijon da ke yi musu awon hili, ba don biron ba. Ba zan faɗi sunansu ba tunda akwai inda zan taɓa su, kuma har yanzu wata takardata tana hannunsu, amma duk wanda aikin hukuma ya biyo ta kan gonarsa ko gidansa a nan Damagaram zai ci karo da irinsu, gara ya san me zai saya da kuɗinsa tun kafin ya zaro su daga aljihu.

Abin ya fara ne da jan fenti. Wata Asabar ƙanena ya je garkarmu ta bayan gari ɗebo lemun tsami, sai ga hoto ya turo mini a WhatsApp, an yi wa bakin rijiya gicciye da jan fenti, an yi wa itatuwan mangwaro, an kafa wasu ƴan turaku sun ratsa garkar daga gabas zuwa yamma kamar an ja zare. Dama mun ji a rediyo ana cewa hanya za ta bi ta wajen, amma ka san halinmu, in ba ka ga abu a ƙofar gidanka ba sai ka ɗauka labarin wasu ne. Ban kwana da maganar ba, na hau kabu-kabu na tafi, na tarar wai masu ƙidaya sun zo tun ranar Laraba, sun rubuta abin da za su rubuta sun tafi.

Garkar gado ce. Kakanmu ya sare ta, mahaifinmu Allah ya jiƙansa shi ya haƙa rijiyar ya sa mata siminti, shi ya dasa mangwaron da hannunsa, kuma babu takarda ko guda, don a zamaninsu mai gari da maƙwabta su ne takarda. Bayan rasuwarsa mu duka muna cikin gari, ni ina Sabon Gari, yayata tana aure a Birni, sai muka ba wani dattijo aronta yana noma gero da damina, da rani ya yi salati da tumatir, ya riƙa kawo wa Iya ɗan abin miya. Shekara goma sha ɗaya ke nan. To da masu ƙidaya suka zo shi suka tarar a ciki da hauya a kafaɗa, suka tambayi sunansa ya faɗa, suka rubuta. Ban ce ya yi da gangan ba, bawan Allah ko karatun boko bai yi ba, an ce ya dangwala ya dangwala. Amma a takardar hukuma garkar ubanmu ta zama tasa, mangwaro 14 sun koma 9, rijiyar siminti ta koma rijiyar gargajiya, hilin da za a ɗauka kuma an sa metir kare 1,900, ni da idona kawai na san ya fi haka.

Wani abokin aikina ne ya ce in je wannan biron. Ɗaki biyu ne da ƴar baranda, fanka ɗaya mai ƙara, sakatariya da kwamfuta, sai taswirori a naɗe a kusurwa sun sha ƙura. Akwai wasu samari biyu da ke zaune a benci a waje kullum, ba ma'aikatan biron ba ne, ƴan kamasho ne, kana sauka daga babur za su tare ka da Alhaji me ake buƙata, akwai wanda muka sani a sama. Kada ka tsaya, wuce ciki kai tsaye. Ni na tsaya, na yi asarar jikka biyu a banza wai kuɗin a shigar da ni da wuri, alhali ba kowa a layi.

Tsohon kuwa ya kai shekara saba'in a ganina, gilashi a kan hanci, ga alƙalami har uku a aljihun gaba. Na fara zuba masa bayani da zafi ina cewa za mu hana aikin, za mu tara mutane, ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce, ɗana, zauna ka sha ruwa, hanya dai za ta bi, wannan ba ni ba kai ba mai tare ta, abin da ya rage shi ne nawa za a biya ku kuma wa za a biya. Haushi ya kama ni a lokacin, wallahi na ɗauka ɗan korensu ne. Sai ya jawo wani tsohon fayil ya buɗe ya fara karanta mini da Faransanci yana mayarwa da Hausa, kuma wannan rabin awar ita ce abu mafi daraja da na samu a wurin, kyauta ma, tun ban biya ko dala ba.

Ya ce dokar da ke magana kan karɓar hili don amfanin jama'a a Nijar tsohuwa ce, lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, aka yi mata gyara da doka 2008-37 ta 10 ga Yuli 2008, sannan dikirin 2009-224 na 12 ga Agusta 2009 ya zo ya fayyace yadda ake aiki da ita. Kundin tsarin mulki na 2010 ma a aya ta 28 ya ce ba a raba mutum da dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Na ce Baba ai kundin nan an jingine shi tun Yulin 2023, ya ce an jingine kundi ba a jingine dokar 61 ba, tana nan da ranta. Sannan ya zana mini matakan a bayan wata ambulan: da farko hukuma ta ayyana cewa aikin na amfanin jama'a ne, sai a buɗe bincike a naɗa mai bincike da rajista wadda duk mai magana zai je ya rubuta kokensa, sai a fitar da takardar da ta lissafa hilayen da za a ɗauka da masu su, sai kwamiti ya zauna da ku a nemi daidaitawa kan kuɗi, in an daidaita a sa hannu, in ba a daidaita ba magana ta tafi gaban alƙali shi ya yanke adadin. Ya buga yatsa a kan mataki na biyu ya ce kai yanzu kana nan, kuma ƙofar nan ba ta daɗewa a buɗe, akwai ranar da ake rufe ƙidaya, duk abin da aka gina ko aka dasa bayan ranar ba a biyansa, kuma gyara kuskure bayan an rufe rajista wahala ce ta gaske.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne maganar takarda. Ni na zo da tunanin tunda ba mu da titir fonsiye, wato takardar mallakar hili ta hukuma, shi ke nan mun tashi a tutar babu. Ya yi dariya ya ce da haka ne da rabin ƙasar nan ba su da gona. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ake ce wa kod riral, ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta al'ada da wanda ya samu ta takarda kariyarsu ɗaya. Saboda haka aka kafa kwamitocin hilaye, kofo, daga na ƙauye zuwa na komin zuwa na departema, kuma wai na farko-farkon ma a nan maƙwabtanmu Mirriya aka kafa shi a 1994 tare da na Maine Sorowa, ga mu kusa da abin amma ba mu taɓa leƙawa ba. Su ke ba da takardar shaidar mallakar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina. Da a ce ranar da muka ba dattijon nan aro mun je an rubuta, da duk wannan bai taso ba.

Sai maganar kuɗi. Sakatariya ta ce jikka 120, awo da taswira da rahoto. Na yi ta magiya har tsohon ya leƙo ya ce a bar mini a 90, rabi yanzu rabi in an gama. Sun ba ni rasi mai kashe, wato hatimi, wannan na yaba. Abin da ba su gaya mini ba shi ne 90 ɗin ba ta haɗa da esans na zuwa garka ba, ba ta haɗa da tambur ba, ba ta haɗa da fotokofi ba, har da wai kuɗin buga taswira a babbar takarda daban ne. Da na zauna na tattara daga baya jikka 118 na kashe a kansu, ke nan ragin da aka yi mini ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, a riƙa tsinto maka su ɗaya bayan ɗaya ne ba daɗi, kowane zuwa sai an ce saura kaza. Ku tambaya tun farko, ku ce a rubuta muku komai da komai a takarda ɗaya.

Randebu na farko ba su zo ba. Na tara Baffa da maƙwabtan garka huɗu da wakilin mai gari tun ƙarfe takwas, muka zauna gindin gawo har rana ta take, waya tana shiga ba a ɗauka, sai wajen azahar yaron biron ya kira wai motar ta lalace. Ka san nauyin tara dattawa ka sa su bar aikinsu, sai da na bi kowa gida da goro ina ba da haƙuri. Na biyu ma an ɗaga, wai an kira tsohon wani aiki a hanyar Tanut. A na uku ne suka zo, kuma gaskiya da suka zo ɗin sun yi aiki.

Tsohon bai fara da na'ura ba. Ya sa dattawan nan a gaba aka zagaya garkar da ƙafa, kowace kusurwa ya tsaya ya tambayi maƙwabcin wannan ɓangaren, Malam nan ne iyakarku? In ya ce nan ne, sai yaron ya kafa sanda ya danna GPS ya rubuta lamba. A kusurwar arewa Baffa da wani maƙwabci suka fara sa-in-sa kan wata tsohuwar kuka, kowa na cewa a nasa take, tsohon ya ce shi bai zo raba gardama ba, ku daidaita ko in bar wurin a buɗe in rubuta ana jayayya, kuma in na rubuta haka ku duka biyu kuɗinku zai maƙale. Nan take aka daidaita, kuka ta zama iyaka, kowa ya ɗebi miya. Sannan aka koma kan itatuwa, nan ne na ga bambancin mai sana'a da mai cika takarda. Kowane mangwaro sai da ya sa masa lamba da farin alli, ya zagaya gindinsa da metir, ya ɗauki hoto da lambar a jiki, ya tambayi mai aron wannan yana haihuwa, kwando nawa yake yi, wane iri ne, mai aure ne ko na gargajiya. Biyar ɗin da suka ɓace ashe suna bayan darni ne, darnin da aka ja don awaki, masu ƙidaya suka ɗauka nan garkar ta ƙare. Lemun tsami 6 da dabino 2 ko ambatonsu ba a yi ba a takardar farko. A rijiya kuma ya ɗaura dutse a igiya ya zura, ya auna zurfi, ya sa yaron ya haska tocila yana ƙirga zoben siminti ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi kowa na ji. Ya juyo ya ce mini, ɗana, rijiyar gargajiya da ta siminti a bakin mutane duk rijiya ce, amma a takardar diyya tsakaninsu kamar jaki da doki ne. Awon hili ya fito metir kare 2,640, ba 1,900 ba.

Wani abu da ban ma yi tunaninsa ba shi ya gano. Hanyar ta raba garkar biyu, babban ɓangare ya koma kudu, sai wani ɗan siririn yanki ya rage a arewa wanda ba ruwa ba hanyar shiga, ko akuya ba za ka ɗaure a ciki ba. Ya ce a rubuta a roƙi su haɗa da shi su biya, tunda aikinsu ne ya kashe shi. Ya kuma ce kada mu yi wa mai aron rowa, shi ma yana da nasa haƙƙin, ƙasa da itatuwa namu ne amma shukar da ke ciki tasa ce, a raba layi biyu a takarda kowa da sunansa. Wallahi har ga Allah ni a lokacin haushin dattijon nake ji, na so a goge sunansa gaba ɗaya. Da aka yi yadda tsohon ya ce sai ga shi shi da kansa ya je gaban mai gari ya ce garkar marayu ce aro aka ba shi, kuma wannan shaidar tasa ta fi ta kowa nauyi.

Takardar kofo ba aikin biron ba ce, sun dai gaya mini inda zan bi da abin da zan riƙe, ni na yi zirga-zirgata. A nan ne rigimar gida ta taso, don takardar gado sai an lissafa magada, Baffa kuma ya ce a sa sunana ni kaɗai a matsayin babban namiji don a sauƙaƙa. Iya tana jin haka ta ce ba da ita ba. Ta ce Malam, ƴaƴan nan shidda ya bari, mata uku maza uku, ko a rubuta su duka ko a bar takardar. Na koma biro ina ƙorafi wai mata za su ja mana lokaci, tsohon ya cire gilashi ya ce Hajiya ta fi ku gaskiya, ya ga gidaje da yawa da kuɗin diyya ya shiga asusun mutum ɗaya zumunci ya mutu a wurin, a rubuta kowa, sannan su ba ka wakilci a rubuce. Haka aka yi, ya ci mana sati biyu, yayata har yau tana tsokanata da shi.

To ga inda suka ƙona mini rai sosai. Rahoton da aka ce kwana biyar sai da ya yi kwana goma sha tara. Yau ba wuta, gobe sakatariya ta tafi suna, jibi inji ba tawada, ni kuma ina ƙirga kwanakin rufe rajista kamar mai jiran watan sallah. Da ya fito kuma an rubuta sunan mahaifinmu ba daidai da yadda yake a takardar rasuwarsa ba, harafi biyu kacal, amma duk wanda ya taɓa bin dosiye a ƙasar nan ya san harafi biyu na iya mayar da kai shekara baya. Na nuna, sakatariya ta ce ai duk ɗaya ne, sai da na ɗaga murya aka sake bugawa, kuma aka so in biya kuɗin bugu na biyu, na ce ko tamma. Ga rahoton shafi goma sha ɗaya duk Faransancin ma'aikata, ba wanda ya zauna ya fassara mini in ba na kama tsohon a baranda ba, to ni da na yi lakwal ke nan, ina ga manomin da ya sayar da tunkiya ya kawo musu kuɗi? In tsohon ba ya nan biron kamar gidan da ba babba ne, ba mai iya ba ka amsar komai, sai dai a ce ka dawo. Saura kwana uku a rufe na kai kokenmu aka shigar a rajista, na sa aka buga mini kashe a kofi ɗina da kwanan wata, wannan ma shi ya ce kada in fito ba tare da shi ba.

Ranar zaman kwamiti ba su raka ni ba, sun ce ba ya cikin aikinsu, in ina so sai na ƙara jikka 25. Ban ƙara ba, na tafi da Baffa da rahotona a leda. Mutane cike, ana kiran suna ɗaya-ɗaya, a karanta maka adadi, yawanci ka ga mutum ya yi shiru ya dangwala ya fito yana gunaguni a waje inda ba mai jinsa. Da aka zo kanmu na ce ranka ya daɗe muna da magana, na miƙa taswira da hotuna. Sun juya shafuka, wani daga cikinsu ya ga kashen tsohon ya gyaɗa kai, aka ce za a sake turo mutum ya duba. An turo, kuma an karɓi awonmu na hili, an karɓi mangwaro 14 da lemun da dabino, rijiya ta koma ta siminti, sunayen magada suka maye na mai aro. Siririn yankin arewa ne aka ƙi, aka ce ba ya cikin zanen hanya. Kuɗin metir kare kuma bai motsa ba ko kaɗan, yadda suka sa wa kowa haka suka sa mana, kuma a ganina ya yi ƙasa da yadda ake sayar da hili a wajen yanzu, don garin yana ta matsowa. Duk da haka abin da aka rubuta mana a ƙarshe ya kusa ninka na farko. In ka ɗora jikka 118 a gefe ka ɗora wannan a gefe, ba sai an yi dogon lissafi ba.

Mai aron ma ya samu ƙari, don tsohon ya nuna mana inda gyaran 2008 ya ce amfanin gona da farashin kasuwa na lokacin da abinci ya yi tsada ake biyansa, wato tsakiyar damina kafin sabon gero ya shigo, ba farashin kaka ba. Duk wanda ya taɓa auna tiyar gero a kasuwar Dole a watan Agusta ya kuma auna a Nuwamba ya san ba ƙaramin bambanci ba ne. Haka gini, dokar ta ce kuɗin da za ka sake gina irinsa ake ba ka, ba a rage maka wai don ya tsufa.

Amma fa a sani, su ba lauyoyi ba ne, kuma ba su ɓoye ba. Wani maƙwabcinmu da ya ƙi sa hannu saboda farashin metir ya koma wurinsu, tsohon ya ce masa daga nan aikinsa ya ƙare, ya nemi lauya su tafi justis, in kuma ba shi da hali ya tambayi biron ANAJJ, hukumar da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi kan shari'a. Ni ban bi wannan hanyar ba, na duba Iya da shekarunta, na duba ƴan'uwa shidda kowa da buƙatarsa, na sa hannu. Wani lokaci cikin dare ina tunanin ko na yi gaggawa, musamman in na tuna yankin arewan nan.

Kuma ba kowa ne zuwa wurinsu zai amfana ba. Ina zaune a baranda wani mai kiyos ya zo, an ce ya tashi daga bakin titi, yana so a auna masa a yi masa rahoto. Tsohon ya tambaye shi takardar da yake da ita, ya ce izinin zama ne na wucin gadi, ya ce to riƙe kuɗinka, bakin titi hilin hukuma ne, wannan tashi ne ba karɓar mallaka ba, awona ba zai ƙara maka komai ba. Ƴan kamashon waje har suna zumɓura baki an kori ciniki. Wannan ya ƙara masa daraja a idona, don da wani ne sai ya karɓe jikkunan ya ba shi takarda mai kyan gani. Wanda ke da gona ko garka ko gida, na gado ne ko na saye, musamman mai itatuwa da rijiya, shi ne zai ci riba. Kuma yankin nan ba yau aka fara ba, tun matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a hanyar Tanut, zuwa ayyukan Zinder Sabuwa na 2018, zuwa bututun mai da ya tashi daga Agadem ya nufi Benin, ga layukan wuta ga lotisma, wato yanka hilayen gini, aiki kullum ƙasa yake ci, kuma ƙasar ta wani ce. Ni yanzu ɗayar gonar tamu ta tudu tuni na kai maganarta kofo tun ba a shafa mata fenti ba.

Kuɗin kuwa, dokar ta ce a biya kafin a karɓa, na gani da idona a rubuce. Wata na bakwai ke nan da sa hannu, an ba mu kashi na farko, saura ana cewa yana tafe, turakun kuma an sake kafa sababbi masu tsawo. Iya ta sa an tsinke mangwaron bana tun bai gama nuna ba, ta ce ba ta yarda katafila ta riga ta ba, yanzu ɗakinta duk warin ɗanyen mangwaro a cikin buhu. Na kira biron in tambayi tsohon ko akwai wasiƙar da ake rubutawa kan jinkiri, sau huɗu ba a ɗauka ba, na biyar sakatariya ta ce ya tafi Magariya sai Litinin. Dama orijinal ɗin takardarmu ta kofo tana cikin dirowarsu tun watan azumi, kullum wai mai makullin ya fita, Litinin ɗin zan je da sassafe in zauna a bencin ƴan kamasho har ya zo.